Allon ƙasan jirgi mai ɗagawa da fikafikan ƙarƙashin ruwa: wanne zai yi aiki a tafkin Lagdo?

Kafintan Lagdo ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Sana'ata haɗa kwale-kwalen katako da gyaransu a bakin tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru, kuma ina da tambayar da nake fatan masu ilimi a cikinku za su warware mini. Tun da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigo da shi daga Najeriya, ya yi tsada bayan Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, masunta da masu jigilar kifi suna kuka da abin da inji yake ci, har wasu sun fara ɗinke buhuna suna kafawa a kan sanda domin iska ta tura su. Dabarar tana aiki idan iskar tana bayansu, amma da zarar ta bugo daga gefe, sai kwale-kwalen ya riƙa zamewa a karkace, mutum ya nufi wani ƙauye ya tsinci kansa a wani.

A bidiyon tseren jiragen iska na ƙasashen Turai na ga abubuwa biyu. Wasu jiragen suna da wani dogon abu a ƙarƙashinsu wanda ake saukarwa a kuma ɗaga, wasu kuwa suna tashi gaba ɗaya daga kan ruwa, su tsaya a kan wasu siraran fikafikai suna gudu. Shin waɗannan abu ɗaya ne ko daban-daban? Kuma akwai wanda kafinta irina zai iya yi da katako da ƙarfen da ake samu a Garwa, ganin cewa ruwanmu yana ja da baya sosai da rani, kuma kowane jirgi dole ya kai har bakin gaɓa?

Malamin Kimiyya, Garwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Kafinta. Abubuwan da ka gani dangin juna ne, domin ƙa'ida ɗaya suke bi, amma aikinsu ya bambanta, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu yake amsa matsalar masuntan Lagdo.

Idan iska ta bugi zanen jirgi daga gefe, ƙarfinta yana rabuwa gida biyu: wani kaso yana tura jirgin gaba, wani kaso, wanda sau da yawa ya fi girma, yana tura shi gefe. Kwale-kwalenku mai shimfiɗaɗɗen gindi ba shi da abin da zai kama ruwa ya ƙi wannan turi na gefe, shi ya sa yake zamewa. Abin da ake sa wa jirgi a ƙarƙashi shi ne yake hana wannan. Siriri ne idan an dube shi daga gaba, don haka ba ya tare tafiya, amma mai faɗi ne idan an dube shi daga gefe. Kuma ba tarewa kawai yake yi ba. Da yake jirgin yana ɗan zamewa kaɗan, ruwan yana haɗuwa da allon a ɗan karkace, sai matsin ruwa a ɓangare ɗaya ya fi na ɗaya ɓangaren, allon ya riƙa jan jirgin zuwa wajen da iskar take fitowa. Jirgin da aka ƙera da kyau yana iya tafiya a kusurwar digiri 45 daga inda iska take busowa, yana yanka dama da hagu har ya isa wurin da yake gaban iskar sosai.

A nan ne ya kamata a rarrabe abu biyu da mutane suke haɗawa. Akwai ƙafar jirgi mai nauyi, wadda ake zuba wa darma ko baƙin ƙarfe a ƙarshenta. Ita tana hana zamewa, tana kuma miƙar da jirgin idan iska ta kwantar da shi. A manyan jiragen teku nauyin wannan ƙafa yakan kai sulusin nauyin jirgin duka, wani lokaci ma ya wuce. Akwai kuma allo mara nauyi sosai, wanda aikinsa hana zamewa kaɗai. Jirgin da yake da shi yana dogara ne ga faɗin jikinsa da nauyin mutanen da suke komawa gefen iska domin kada ya kife. Wanda ya sa allo ya ɗauka ya sami kariya daga kifewa ya yaudari kansa, ina roƙon a riƙe wannan.

Masu ɗagawar iri-iri ne. Akwai allon da ake zura shi tsaye ta cikin wani akwati a tsakiyar jirgi, a zare shi kamar takobi daga kube. Shi ne a ƙananan jiragen koyo irin su Optimist da Laser. Yana da sauƙin ƙerawa, amma idan ya daki dutse ko tudun yashi ba ya da hanyar kaucewa, sai dai ya karye ko ya tsaga akwatin. Akwai wanda yake juyawa a kan ƙusa guda a goshinsa, wanda idan ya taɓa ƙasa yakan lanƙwashe baya da kansa ya shige akwatinsa. Akwai kuma ƙafa mai nauyi da ake ɗagawa da na'urar matsin mai ko ta igiyar ƙarfe, irin ta jiragen Southerly na Ingila, yayin da jiragen Ovni na kamfanin Alubat a Faransa suke ajiye nauyin a cikin gindin jirgin, su bar allon ya shige ciki gaba ɗaya, har jirgin ya iya zama a kan yashi idan ruwa ya janye.

Fiffiken da yake ɗaga jirgi kuwa wannan allon ne aka kwantar da shi, ta yadda ƙarfin da yake samarwa zai nufi sama maimakon gefe. Kana iya gwadawa da kanka: idan jirgin inji yana gudu, ka tsoma filafili a kwance cikin ruwa ka ɗan ɗaga bakinsa na gaba, za ka ji yana neman ƙwacewa zuwa sama. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, shi ya sa ɗan ƙaramin fiffike yake ɗaukar abin da a sararin sama sai babban fiffike. Ƙarfin ɗagawar kuma yana ƙaruwa da ninkin gudu a kan kansa, wato idan gudu ya ninka sau biyu ƙarfin ya ninka sau huɗu. Dabarar ba sabuwa ba ce. Enrico Forlanini ya gwada ta a tafkin Maggiore na Italiya a 1906, sannan jirgin HD-4 na Alexander Graham Bell da Casey Baldwin ya kai kimanin kilomita 114 a awa a Kanada a 1919, sai dai dukansu da inji suka yi. Jiragen iska sun daɗe kafin su cim musu, saboda sai da aka sami kayan ƙira marasa nauyi masu ƙarfi, musamman zaren kabon.

Injiniya daga Njamena ta rubuta:

Sallama gare ku duka. Malam ya yi bayanin ƙa'idar yadda ya kamata, ni kuma zan tsaya a kan dalilin da ya sa nake ganin ɗan'uwa Kafinta ya cire fiffiken daga lissafinsa tun yanzu, kada ya ɓata katakonsa.

Bidiyon da ka gani, mai yiwuwa na gasar Kofin Amurka ne. A 2013 a San Faransisko aka fara ganin manyan jiragen gasar masu jiki biyu suna tashi a kan fikafikai, a shekarar da ƙungiyar Oracle ta Amurka ta farfaɗo daga ci 8 da 1 ta doke ta New Zealand da ci 9 da 8. Daga gasar 2021 a Auckland aka koma jirgin AC75 mai jiki ɗaya, tsawonsa ƙafa 75, wanda ba shi da ƙafa mai nauyi ko kaɗan. Yana da hannuwa biyu a gefensa, kowanne da fiffike mai nauyi a ƙarshe. Ana nutsar da na gefen da iska take turawa ya ɗaga jirgin, a ɗaga ɗayan sama ya zama ma'aunin nauyi. Da irinsa New Zealand ta sake riƙe kofin a Barselona a 2024. Waɗannan jirage na'urorin mai da batura da kwamfuta ne suke motsa fikafikansu, kuma ana fitar da su daga ruwa da ƙugiya a ƙarshen kowace ranar tsere.

Ko mafi ƙanƙanta a cikin masu tashi, wato jirgin Moth na mutum ɗaya mai tsawon mita 3.35, nauyinsa duka wajen kilo 30 ne. Yana da wata siririyar sanda a goshi wadda take shafar saman ruwa, tana buɗe ko rufe leɓen fiffiken domin jirgin ya tsaya a tsayi ɗaya. Ka kwatanta wannan da kwale-kwalen katako da ya sha ruwa, ga kwandunan kifi, ga raga jiƙaƙƙiya, ga mutum uku ko huɗu. Kafin fiffike ya ɗaga irin wannan nauyi sai jirgin ya kai gudun da zanen buhu ba zai taɓa kai shi ba, kuma muddin bai tashi ba, fiffiken jan baya kawai yake ƙara masa.

Sannan fiffike ba ya son datti. Ciyawa kaɗan idan ta naɗe a bakinsa ta isa ta lalata gudanar ruwan, jirgin ya faɗo. Idan ya matso kusa da saman ruwa yakan zuƙo iska ta gangaro ta jikinsa, ƙarfin ɗagawar ya ɓace nan take. A can ƙololuwar gudu kuma, wajen kilomita 90 zuwa 95 a awa, matsin ruwa a bayan fiffiken yana faɗuwa har ruwan ya riƙa tafasa ba tare da zafi ba, kumfar tururi ta rufe shi. Jirgin Hydroptère na Alain Thébault ya kai kimanin kilomita 95 a awa a tazarar mita 500 a 2009, kusa da wannan iyaka. Paul Larsen ne ya ƙetare ta sosai da Vestas Sailrocket 2 a Walvis Bay ta Namibiya a Nuwamban 2012, da kimanin kilomita 121 a awa, bayan an ƙera masa fiffike na musamman wanda yake aiki duk da iska ko kumfar da ta rufe bayansa.

Inda aka haɗa dabarun biyu shi ne jiragen gasar Vendée Globe, wadda mutum ɗaya yake zagaya duniya shi kaɗai ba tsayawa, daga Les Sables-d'Olonne a Faransa. Jirgin yana da tsawon mita 18.28, ƙafarsa tana nutsewa mita 4.5 kuma ana karkata ta zuwa gefen iska, ga fikafikai biyu da ake turawa waje a janyo ciki. Armel Le Cléac'h ya ci gasar 2016 zuwa 2017 da irin wannan jirgi cikin kwana 74, Charlie Dalin kuma ya sauko da lokacin zuwa kwana 64 a farkon 2025. Amma a gasar 2020 jirgin Kevin Escoffier mai fikafikai ya karye gida biyu a kudu da Afirka ta Kudu, sai abokin takararsa Jean Le Cam ne ya tsamo shi daga teku. Ƙafa mai nauyi ma tana da nata haɗarin: a Janairun 1997 ƙafar jirgin Tony Bullimore ta cire, jirgin ya kife, ya yi kwanaki a cikin gangar jirgin kafin sojojin ruwan Ostareliya su cece shi.

Shawarata ita ce allon tsakiya mai juyawa, na farantin ƙarfe, wanda kowane mai walda zai iya yankawa. Jiragen iska na kogin Nilu a Masar suna amfani da irinsa, kuma su ma tudun yashi suke fama da shi kamar mu a Shari da Binuwai.

Dattijon Kuseri ya rubuta:

Ina gaishe ku, 'ya'yana. Jikana ne yake rubuta mini, ni kuwa na tsufa a kan ruwan Logon da Shari, har zuwa Bulangwa da bakin tafkin Chadi. Na ji bayanin Malam da na 'yata Injiniya, na kuma ƙaru, amma ban yarda a tsaga gindin kwale-kwale a kafa akwati a ciki ba. Jirginmu ba zuba shi aka yi a masana'anta ba, katako ne aka jera aka buga, kuma duk inda katako biyu suka haɗu nan ruwa yake nema. Kullum ana jan jirgin a kan yashi da tsakuwa, rana ta busar da shi, ruwa ya kumbura shi. Wannan tsaga da kuke magana, yashi da laka za su cika ta, ranar da ake bukatar allon ya sauka ya ƙi, ranar da ake bukatar ya hau ya ƙi. Ga shi kuma tsakiyar jirgi nan ne wurin kaya da wurin tara raga, ba wurin da za a ba wa akwati ba ne.

Abu na biyu, ruwanmu cike yake da ragar mutane da ƙugiyoyinsu. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi yana wucewa ta kan igiyar raga lafiya, amma mai abu a ƙasa zai kwashe ta, kuma rigimar da za ta biyo baya ta fi kuɗin man da aka tsimi. Na uku, iskar hunturu mai zuwa daga arewa maso gabas tana da dama-dama, mutum ya san halinta. Iskar da take gaban hadari a farkon damina ita ce abin tsoro, domin tana faɗowa gaba ɗaya. Kwale-kwalen da yake zamewa gefe yana rage wa kansa ƙarfin bugun, wanda kuwa aka riƙe masa ƙafa a cikin ruwa, ina zai kai wannan ƙarfi in ba ya kwanta ba?

Malamin Kimiyya, Garwa ya sake rubutawa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta ƙarshe daidai take da abin da masu koyar da tuƙin ƙananan jiragen iska suke faɗa: idan iska ta yi ƙarfi ana ɗaga allon kaɗan domin jirgin ya zame maimakon ya yi tuntuɓe a kansa. Ƙarfin iska a kan zane shi ma yana ninkuwa sau huɗu idan gudunta ya ninka sau biyu, saboda haka igiyar zanen a hannu take zama, ba a ɗaure ta, kuma dole a iya sauke zanen cikin ƙiftawar ido.

Game da akwatin, ina ganin Baba ya fi mu gaskiya, kuma akwai mafitar da ba ta bukatar a huda gindin jirgi. Mutanen Holan, waɗanda ruwayensu marasa zurfi ne masu laka, sun yi ɗaruruwan shekaru suna rataya allon a gefen jirgi daga waje, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne yana juyawa a kan ƙusa guda a samansa. Manyan jiragen iska da suka yi dakon kaya a da a kogin Thames a Ingila ma haka suke, kuma mutum biyu sukan isa su tuƙa su. Ana saukar da allon gefen da iska take tura jirgin zuwa gare shi, sai matsin ruwan ya manne shi da jikin jirgin, na ɗaya gefen kuma a ɗage shi. Idan ya taɓa ƙasa yana juyawa baya, idan ciyawa ko igiya ta kama shi ana ganinta a cire da hannu, idan an zo wurin raga a ja igiya ya hau. In gwajin bai yi ba, ƙusa biyu za a kwance, kwale-kwalen ya koma yadda yake.

Malam Kafinta, ga abin da zan ce game da awo. Masu zana jirage sukan ba wa ɓangaren allon da yake cikin ruwa kimanin kashi 4 cikin 100 na faɗin zanen iska, don haka zane mai murabba'in mita 8 yana bukatar allon da abin da ya nutse daga cikinsa ya kai kamar mita ɗaya a tsawo da santimita 30 zuwa 35 a faɗi. Ga jirgi mai tafiya a hankali gara a ɗan ƙara a kan haka. Dogo siriri ya fi gajere mai faɗi aiki, sai dai zurfin ruwa ne zai yanke hukunci. Ka zagaye bakinsa na gaba, ka fiƙe na baya ya yi siriri, kada ka bar shi da kusurwa huɗu yadda ya fito daga injin yanka. Wurin kafa shi ya fi komai muhimmanci: ya kasance daidai ƙarƙashin tsakiyar zanen. Idan ya yi gaba da yawa jirgin zai riƙa juya goshinsa cikin iska, idan ya yi baya da yawa zai riƙa gudun iskar, wannan na biyun kuwa shi ne mai haɗari, domin jirgin ba zai sauke wa kansa iska ba idan ta yi ƙarfi. Kafin ka huda komai, ka ɗaure allon da maƙalar kafinta a kan wani katako da ka gicciya, ka riƙa matsar da shi gaba da baya har ka sami inda mai riƙe da filafili a baya ba ya kokawa da jirgin.

Zanen buhu mai kumbura kamar yadda ake kafa shi yanzu ba zai kai ku gaban iska ba ko da allon ya yi kyau. Yana bukatar sanda a sama ko a ƙasa da za ta miƙar da shi.

Kafintan Lagdo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bar maganar fiffike, zan gwada allon gefe a kan ƙaramin kwale-kwale idan hunturu ya shigo. Abin da ya rage mini shi ne, katako yana tasowa a ruwa, to me zai riƙe allon a ƙasa? Kuma kwale-kwalenmu siriri ne, ina tsoron abin da Baba ya faɗa game da kifewa.

Injiniya daga Njamena ta sake rubutawa:

Na karɓi hujjar Baba da Malam a kan allon gefe, ko da yake ga jirgin da za a ƙera sabo fil ina nan a kan allon tsakiya. Hanyar riƙe shi biyu ce, ɗan'uwa. Ko dai ka huda ƙasan allon ka cusa darma ko guntun ƙarfe gwargwadon abin da zai nutsar da shi kawai, ko ka ja shi ƙasa da igiya daga gaba, ka haɗa igiyar da robar tayar babur, ta yadda idan ya daki kututture robar za ta miƙe allon ya kauce. Kada ka ɗaure shi da igiya mai tauri ita kaɗai, domin a ranar karo gefen jirgin ne zai biya. Wurin da ƙusar take kuma ka ƙarfafa shi da katako mai kauri daga ciki, wanda ya haɗe gefen da wata gicciya, saboda duk turin gefe a nan yake taruwa.

Siririn jiki kuwa allo ba ya maganinsa. Ka fara da ƙaramin zane mai gajeriyar sanda, ka ajiye kaya masu nauyi a ƙasan jirgin, kuma idan har yanzu yana rawa, ka gicciya gora biyu ka ɗaura musu wani dogon abu mai tasowa a gefe, ko da bututun roba ne da aka toshe bakinsa biyu, irin tsarin da masuntan gaɓar Afirka ta Gabas suke yi wa kwale-kwalensu. Gwajin farko a yi shi kusa da gaɓa, ba kaya, da mutanen da suka iya iyo, kuma wani jirgi mai inji yana tsaye a kusa.